Kawu da Tsamiyar Hanyar Aujara

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, ɗaya bayan ɗaya. Ran Talata da hantsi Kawu ya riga mu, bayan ciwon ƙafa da ya kwantar da shi tun farkon damina. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya, kuma a hannunsa na tashi, don haka ni ake yi wa gaisuwa tare da matarsa. Muna zaune a tsakar gida, a unguwarmu da ke gindin duwatsun Dutse, ina jin abin da kowa yake faɗa, na ciki da na waje, domin dangar gidan ta kara ce, ba ta riƙe magana.

Tsofaffin fatake su suka fi jimawa a wurin makokin. Ɗaya daga cikinsu, abokin tafiyarsa na shekara da shekaru, ya taso tun daga Ringim a kan jaki, ya iso ranar uku. Ko ruwa bai sha ba ya zauna a ƙofar zaure ya fara jero hanyar Garki da ƙarfi, zango bayan zango, yadda Kawu yake jero ta, sai ka ce mai biya karatu. Da ya zo kan wata tsamiya sai ya rufe fuska da hannun riga. Samarin unguwa kuwa, da suka dawo daga maƙabarta, na ji ɗayansu yana cewa, "Allah ya jiƙan tsohon nan mai bin ƙaya," sauran suna ƙunshe dariya. Dagaci ya zo ya yi addu'a a tsaitsaye ya tafi, bai yarda ya leƙo cikin gida ba, kuma ya san dalili. Matar Kawu ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Duk wadda ta ce mata, "Iya, ya haƙuri?" sai ta ce, "Ya huta," ta ci gaba da jan carbinta. Ni ce na yi kukan, har mata suka fara yi mini faɗa, wai ina ƙona mamaci da hawaye.

Ba su san kukan mutum biyu nake yi ba. Innata, ƙanwar Kawu, tana kwance a hanyar Aujara, kuma duk danginmu shi kaɗai ne ya ga inda aka sa ta. Tun ina yarinya ban roƙe shi komai ba sai ya kai ni wurin. Maganar samarin nan ce ta sa na ce sai na faɗi wane ne shi, don kada a wayi gari abin da ya rage na Kawu a bakin mutane shi ne ƙaya. Zan faɗi har da nawa laifin, ba shi da kaɗan.

Falke ne. Da jakunansa yake ɗaukar dabinon Dutse da saƙi ya kai Aujara, ya haye kogi ya shiga Ringim, ya zarce Garki, ya dawo da kanwa da gishiri. Wani lokacin ya karkata gabas har Haɗeja, ya dawo da busasshen kifi, matarsa ta kwana uku tana shanya rigunansa tana mita. Bai tara wani abin kirki ba. Abin da ya tara hanya ce, kuma bai taɓa rowarta ba. Bayan la'asar, idan yana gari, zaurensa ba ya rasa baƙo mai tambaya. Sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke, ya fara zane yana magana, mu kuma muna leƙe ta kafar danga.

"Ka bar duwatsu a bayanka, ka sa rana a kafaɗar dama. Za ka fara iske kuka mai kogo. Kada ka zauna a inuwarta, akwai zuma, kuma ba ta san baƙo ba. Gaba kaɗan rijiyar Fulani, ruwanta da ɗan ɗaci amma ba ya ɓata ciki, ka cika gorarka. Sai giginya uku. Idan ka ga su ukun sun shige bayan juna sun zama ɗaya, to ka iso tsamiya mai reshe a ƙasa. Nan ka yi sallama, ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, sannan ka wuce."

Baƙo yakan ce, "Malam, wa zan yi wa sallama a daji?"

"Kai dai ka yi. Ba za ta rage maka guzuri ba."

Haka zai bi da mutum har mashigin kogi, ya gaya masa wane mai fito ne ke da gaskiya, wane ne zai kai ka tsakiyar ruwa ya fara kukan gajiya. Ya gaya masa rijiyar Garki da sai an haɗa igiya biyu. In baƙo zai tashi, sai Kawu ya ce, "Ka gaishe mini da kukar nan, ka ce ina tafe bayan girbi." Kuma idan mutumin ya dawo, da gaske yake tambayarsa, "Ka gaishe ta? Ta yi ganye?" Matarsa takan ɗaga murya daga ciki ta ce, "Ka san kowace bishiya daga nan har Garki, amma ba ka san inda ake ajiye daddawa a gidanka ba!" Shi kuma ya ce ai daddawar ce ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Mu 'yan gida mun san dalilin sallamar. Shekarar da Turawa suka ci Kano, ƙasa ta rikice, kowa yana gudu bai san inda za shi ba. Innata tana aure a wani ƙauye kusa da Garki. Mahaifina ya bi masu hijira gabas, ya ce zai aiko, har yau bai aiko ba. Ya bar ta da tsohon ciki, da ni, ban wuce shekara biyar ba. Kawu ya ji labari, ya kora jaki ɗaya ya tafi ɗauko mu, a ganinsa duwatsun gida sun fi fili tsaro. Mun haye kogi lafiya, mun wuce Aujara, saura tafiyar yini mu iso gida naƙuda ta kama ta da azahar. Ya shimfiɗa mata bargo a gindin tsamiya ya ruga wata ruga da ke kusa, matan Fulani biyu suka zo. Kafin la'asar Innata ta cika, abin da ke cikinta ma bai zo duniya ba.

Sau ɗaya tak ya ba ni wannan labari daga farko har ƙarshe, ranar da aka yi mini lalle. Ya ce shi ya yi ta jigilar ruwa daga rijiya, matan suka wanke ta, ya yaga rawaninsa ya haɗa da zanenta aka yi likkafani. Da gatari da ƙwarya ya haƙa kabarin. Babu tukwanen da zai rufe ramin da su, sai ya sari itace a jikin tsamiyar ya jera, ya mayar da ƙasa, ya tara ƙaya a kai saboda kura. Shi da wani tsohon Bafulatani suka yi mata salla. Da damina ta zagayo rugar ta tashi, ba wanda ya sake ganin mutanen. Ni abin da na riƙe na ranar bai wuce ƙishirwa ba, da wata mata mai awarwaro da ta ba ni nono a ludayi tana juya mini fuska don kada in kalli wani wuri.

Don haka yake aika mata baƙi. Shekara goma duk wanda ya bi hanyar Aujara daga zaurenmu ya yi wa Innata addu'a bai sani ba. Ni kuwa kullum maganata ɗaya ce. "Kawu, yaushe za ka kai ni?" Ya ce in na iya hawa jaki. Na iya hawa jaki, ya ce in ƙasa ta lafa. Ƙasa ta lafa, ya ce mata ba sa zuwa kabari, amma bari a yi mini aure, zai roƙi mijina. Ban taɓa jin haushin jan ran ba, don na san tsamiya ba ta zuwa ko'ina.

Ina amarya, ban cika shekara a ɗakina ba, aka ce Bature zai fitar da sabuwar hanya daga Dutse zuwa Aujara, yana neman wanda ya san ƙasa. Dagaci bai yi dogon tunani ba ya nuna Kawu. Kada in yi masa ƙarya bayan ransa, Kawu ya ji daɗi. Ya sa rigar Salla ya tafi. Kwana tara suka yi a daji, shi da Baturen, da tafinta wani mutumin kudu mai karyayyar Hausa, da dogarai, da masu ɗaukar kaya. Ranar da ya dawo bai fara zuwa gidansa ba, gidana ya fara zuwa, ya tsaya a zaure ya sa aka kira ni. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske haka ba.

"'Yar nan, albishirinki. An ɗaura wa tsamiyar uwarki farin ƙyalle."

A ƙasarmu kowa ya san abin da farin ƙyalle yake nufi a jikin bishiya. Wannan bishiya tana da masu ita, ba a taɓa ta. Malamai suna faɗa a kai, amma ko malamin ba zai ɗaga gatari ya sare ta ba, kuma ko busasshen reshenta ba a kaiwa murhu. Kawu ya ce Baturen yana da wani madubi mai ƙafa uku da yake leƙawa, in ya hango doguwar bishiya sai ya sa a hau a ɗaura mata farin ƙyalle a can ƙololuwa. Aka ɗaura wa kuka mai kogo. Kawu ya ce a ransa, ashe har Nasara ya san akwai itatuwan da ba a taɓawa. Da suka wuce rijiya, Baturen ya zaɓi wani marke da ke yamma da tsamiya, nisan jifa biyu ko uku. Sai hankalin Kawu ya tashi. Ya ga za a kare marken banza, a bar ƙanwarsa ba tsaro, ga masu gatari tafe.

Ya ce sau uku yana durƙusa wa tafinta, har ya juye masa dabinon guzurinsa duka. "Ka gaya masa tsamiya ta fi tsawo, an fi hango ta." Kuma gaskiya ya faɗa. Baturen ya sake leƙa madubinsa, ya ɗaga kafaɗa, ya yarda. Kawu bai bari kowa ya hau ba. Shi da kansa, da furfurarsa, ya tuɓe rigar Salla ya hau ya ɗaura ƙyallen, ya yi masa ƙulli uku.

Na ce, "Ka gaya musu akwai kabari?"

"Haba, 'yar nan. Ta ina zan fara kawo zancen macen gidanmu a gaban baƙin maza? Ƙyallen ya isa."

Na yi murna ranar, har na dama masa fura da zuma.

Bayan girbi aka ɗebi maza aikin tilas, kowane gari da nasa yankin hanya. Maigidana yana ciki. Ya yi kwana ashirin ya dawo, tafin hannunsa duk ya salluɓe, ko lomar tuwo da ƙyar yake yankawa. Yana ci yana ba ni labarin wahalar da suka sha, ni kuma ina yi masa fifita. Shi ya san uwata ta rasu a hanya, amma bai san a ina ba, don amarya ba ta zama ta yi wa miji hirar uwarta.

Ya ce, "Abin da ya fi tayar mana da hankali, duk bishiyar da ke da ƙyalle ita ake fara sarewa. Ashe tuta ce. Daga wannan a hango waccan, a ja igiya a tsakani, hanya ta bi ta kan gindinta. Da farko mun ƙi taɓawa, sai da dogarai suka sauke mana bulala. Akwai wata tsamiya, kwana uku muna saranta. Kututturen kuma aka tara masa wuta har ya cinye, muka cike ramin, muka daɓe."

Na ce, "Mai reshe a ƙasa?"

"Ita fa. A kan reshen ma muka zauna muka sha fura kafin mu fara. Kin san ta ne?"

Ban san lokacin da na fita ba. An ce ko mayafi ban ɗauka ba, ga ni amarya, na ratsa unguwa da rana tsaka. Na iske Kawu a zaure shi kaɗai, ya jingina da bango, ƙasar gabansa a share amma ba zane a kai. Kallo ɗaya na yi masa na gane ya riga ya sani. Kwana goma ke nan da sani. Da labari ya iso masa ya tafi da gudu da tafiya, ya iske hayaƙi, ya dawo ya kasa zuwa gidana.

Abin da na faɗa masa ranar, har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Ban gaishe shi ba. A tsaye na ce, "Kai ka kai su. Hanya ta kauce mata, kai ka jawo ta da hannunka, har da roƙo, har da dabino. Da ka yi rowar hanya rana ɗaya tak a rayuwarka, da Innata tana kwance lafiya. Ka hana ni zuwa shekara goma, wai mata ba sa zuwa kabari, yanzu ga jakuna suna zuwa!"

Ya ce, "Haka ne."

Da ya yi musu, da ya zage ni, da ya ɗaga hannu ya mare ni, da wataƙila abin ya wuce a ranar. Amma ya sake cewa, "Haka ne, 'yar nan," bai ko ɗago kai ba. Matarsa ce ta fito ta tsaya a tsakaninmu. Ta ce, "Ke, a bayan nan ya goya ki daga gindin bishiyar har ƙofar gidan nan, namiji da goyo, mutane suna kallo. Fita, kafin in faɗi abin da zan yi nadama." Na fita.

Daga ranar Kawu bai sake ba kowa hanya ba. In baƙo ya yi sallama yana tambaya, sai ya nuna da haɓa ya ce, "Ga ta can a miƙe, ko makaho ba ya ɓata." Ya sayar da jakunansa ya bar ɗaya. Kuma bai sake ɗora ƙafa a kan sabuwar hanya ba, daga farkonta har ƙarshenta. In tafiya ta kama shi sai ya bi gefe, cikin ƙaya da ƙarangiya, hanya tana nan fetal a kusa da shi, mutane suna wucewa suna yi masa kallon taɓaɓɓe. Yaran da aka haifa bayan nan da haka suka san shi. Dagaci ya taɓa aiko masa da goro, ya mayar.

Ni kuma na riƙe fushina kamar abin gado. Sai ranar Salla nake zuwa, in durƙusa daga nesa in ce, "Barka da Salla," in tashi. Shekarar da ruwa ya ƙi, yunwa ta shigo har aka koma cin tafasa da ɗanyen ganye, ina da goyo, nonona ya ƙafe. Wata safiya na iske mangala cike da dawa a zaurenmu. Maƙwabciyata ta ce Kawu ne ya ajiye ya juya. Wurin abokinsa na Ringim ya je ya roƙo, ya tafi ta daji ya dawo ta daji, da jaki, alhali ga hanya. Ta ce ta ga sawunsa da jini a ƙofar gida. Na daka dawar nan na ci, ɗana ya rayu da ita, kuma ban taka na je na ce masa sannu ba. Na aika maigidana. Irin zuciyar da Allah ya ba ni ke nan, ba na yabon ta.

Haka muka ci shekaru, na haifi uku, ya tsufa. Sai ranin da ya wuce ya aiko matarsa da kanta, wadda rabonta da gidana tun ranar faɗan. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ya ce ki shirya gobe da sassafe, zai kai ki." Na je na same shi yana ɗaura wa jaki mangala, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. A gefe ɗaya ya sa gora da guzuri, a ɗaya gefen ya sa wani jan dutse da ya ɗauko a bayan gida, mai girman tulu ƙarami. Ya ce zai dasa shi a gefen hanya daidai kanta, don in ya mutu in samu abin nema.

Na ce, "Liman zai ce mata ba sa zuwa kabari."

Ya ce, "Wa ya ce kabari za ki? Hanya za ki bi. Akwai wanda zai hana ki bin hanya?"

Mun tafi, yana kan jaki ina ja, ta gefe, ta cikin ƙaya. A hanya bakinsa ya buɗe kamar da. Ya nuna mini inda kuka mai kogo take, yanzu fili ne, sai wani ɗan tudu. Ya nuna mini inda kura ta taɓa bin su shi da abokinsa, da inda jakinsa ya taɓa kwantawa ya ƙi tashi sai da aka yi masa waƙa. Har dariya na yi, karo na farko a gabansa cikin shekara goma sha wani abu. Mun iske rijiyar Fulani tana nan, muka sha, ruwan da ɗan ɗacinsa kamar yadda ya sha faɗa. Ya ce, "Saura kaɗan. Ki duba giginya."

Babu giginya. An sare su ukun an yi gada da su a kan wani kwari. Mun nemi ko kututture, gonar gyaɗa ta cinye wurin, an yi kunya a kai shekara da shekaru. Marken yamma ma babu shi. Ko'ina ka duba fili ne iri ɗaya, sai hanya ja ta ratsa ta tsakiya, ba ta lanƙwasa ko kaɗan ba.

Ya sauka daga jaki. Ya koma rijiya ya taho a ƙafa, yana kwatanta yadda ya yi jigilar ruwa ranar, wai ƙafarsa za ta tuna. Amma ranar da gudu ya yi ta, yana da ƙarfinsa, yau kuwa da sanda yake jan jiki. Ya yi sau biyu, kowanne ya tsaya a wuri dabam. Sai na ga ya cire takalmansa, ya yi bisimilla, ya hau kan hanyar da ya yi shekaru yana gudu. Ya durƙusa yana tona gefenta da yatsu, ko zai samu gawayi, ko saiwa, ko ɗan tsiron tsamiya. Ya matsa gaba da rarrafe ya sake tonawa. Rana ta take, ƙasa ta yi zafi, ina tsaye riƙe da igiyar jaki da dutse a mangala.

Ayarin masu gyaɗa ya taho daga Aujara. Na gaba ya tsayar da jakunansa ya ce, "Baba, me ka yar? Mu taya ka nema."

Kawu ya ɗago ya ce, "Ƙanwata."

Mutumin ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya kora dabbobinsa. Suka bi ta gefensa ɗaya bayan ɗaya, suna tayar masa da ƙura a fuska.

Da suka wuce ya dafa sanda ya miƙe. Ya koma baya ya ja layi a ƙasa, ya gitta hanya. Ya taka, ya taka, har sai da ya yi nisan da in ka kira mutum da ƙyar zai ji, ya sake jan wani layin. Ya dawo wurina, gwiwoyinsa duk ƙasa. Ya ce, "Tsakanin nan da can take. Iyakar abin da zan iya rantsewa ke nan. Na san mashigin Ringim, na san rijiyoyin Garki, ki rufe mini ido in kai ki Haɗeja. Amma na ɓatar da uwarki. Ki yafe mini."

Na ce, "Na yafe, Kawu. Ni ma ka yafe mini." Kuma sai a lokacin ya zama gaskiya a zuciyata, da na ga tsohon da ya goya ni yana rarrafe a kan hanya. Ya ce shi bai taɓa riƙe ni ba, ai gaskiya na faɗa.

Dutse ɗaya ya kawo, don wuri ɗaya ya zo nunawa. Muka sauke shi a gefen hanya daidai layin farko. A layi na biyu ba mu da abin sawa, sai ya kafa sandarsa, ya tara mata ƙasa ya danna da ƙafa. Muka tsaya a tsakani muka yi addu'a, ba mu san ko gabas da ita muke ko yamma ba. Ya dawo gida ba sanda, yana dafe da kafaɗata duk inda ya sauka. Ruwan farko na sauka ya kwanta, bai sake tashi ba.

Wannan shi ne mutumin da samari suke kira mai bin ƙaya. Ya Allah, kai da ba ka buƙatar bishiya ko dutse kafin ka san inda bawanka yake kwance, ka jiƙan Kawu, ka yafe masa kuskuren da ƙauna ta sa shi, ka yalwata masa makwanci. Ka jiƙan Innata da abin da ke cikinta, ka sauƙaƙa mata nauyin abin da ke bi ta kanta. Ka ba matarsa haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Da aka yi sadakar arba'in na roƙi maigidana, ya bar ni na bi matan da ke kai daddawa kasuwar Aujara. Mun wuce rijiya, na hango jan dutsen yana nan inda muka ajiye shi. Na ce wa matan su yi gaba, zan iske su. Na cire takalmana, na yi sallama, na hau hanya ina taka ta a hankali, ina karatu, ina duban gefe don in ga sanda. Babu sanda. Wani mai tafiya ya ga sanda mai kyau a daji ba mai ita, ya zare ya tafi da abarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce wataƙila tana ɗan gaba. Na ƙara taku, ƙasa tana cin tafin ƙafata, duk inda na yi niyyar tsayawa sai in ji tsoron ko a kanta zan mayar da takalmi. Da su a hannu na shiga Aujara.